Hamada tana tafe, in ji su: tarihin wata gardama a ƙasar Dallol

Da ranin bara na je Damana gaisuwar mutuwa. Bayan an yi addu'a aka koma ƙarƙashin dogon yaro ana hira, rabi da Zabarmanci rabi da Hausa, kamar yadda aka saba a wannan yanki na Dallol Boso. Cikinmu akwai wani saurayi mai aiki da wata ƙungiyar raya karkara. Ya kawo maganar canjin yanayi. Ya ce duniya tana ƙara zafi, hamada tana gurgusowa, ya kamata a bar saran itace, a koma ga gas da wutar rana.

Wani tsoho ya bari har ya gama, sannan ya ce, "Yaro, shekarunka nawa?"

Ya ce, "Talatin da biyu, Baba."

Tsohon ya ce, "To, tun ina kiwon awaki ake ce mana hamada tana tafe. Ga ni na tsufa, gonata tana nan inda ubana ya bar ta. Hamada ban gan ta ba. Amma tarar itace kam na biya ta sau uku."

Aka yi dariya, saurayin ya yi shiru. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, don gardamar nan ta girmi dukansu biyun. Tana da tarihi, da sunayen mutane da shekaru, kuma ya kamata mai karatu ya san shi kafin ya zaɓi wanda zai bi.

Mu fara da yunwa, don ita ce mutanen Kurfai da Tondikandiya suka sani tun ba a zo da kalmar yanayi ba. Kowace babbar yunwa tana da sunanta. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa suna ce mata Ƙaƙalaba, Zabarmawa su ce Gande-beri. Ta 1931 fara ce ta jawo ta. Amma masu bin tarihi sun nuna cewa abin da ya mai da ita kisa shi ne hannun hukuma: rumbuna babu kome, Nasara bai sassauta lanho ba, ana kuma kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin dole, ga Yamai ana cikin gininta tun da aka mai da babban birni can daga Damagaram a 1926. Mutane suka mutu, wasu suka tsere Nijeriya. Bayan an yi ɓarna sai aka tilasta wa kowane gari ya yi rumbun tsimi. A wannan shekara ta 1931 aka haifi Seini Kunce a Fandu, nan kusa da Damana. Ku riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Shekara uku bayan haka, a 1934, wani Bature ɗan Ingila mai suna Stebbing ya ratso Afirka ta Yamma. Malamin ilmin daji ne a jami'ar Edinbara, ya daɗe yana aiki a Indiya. Ya bi arewacin Nijeriya ya shigo ƙasar Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga gonaki fayau, ya ga ƙura. A 1935 ya rubuta cewa Sahara tana tafiya kudu kamar kilomita ɗaya kowace shekara, kuma laifin manomi ne mai sassabe da ƙuna, da makiyayi mai yawan dabbobi. Maganinsa shi ne a kafa doguwar katangar itatuwa a tare ta.

Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka. Ingila da Faransa suka haɗa masana daji da masana ƙasa, suka bi iyakar Nijar da Nijeriya daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Da suka dawo suka ce ba su ga hamada tana tafiya ba. Sun ga wuraren da aka lalata kusa da garuruwa da rijiyoyi, sun kuma ga tsofaffin tuddan rairayi da ciyawa da itace suka riƙe. Wanda ya zo ƙasarmu a watan Maris, bai tsaya ya ga Agusta ba, dole ya ɗauka duniya ta ƙare. Kun ga ke nan masu shakka na farko masana ne, kuma su suka fi gaskiya a lokacin.

Sai dai doka ta riga binciken fita. Ran 4 ga Yuli 1935 Faransa ta kafa dokar daji ta ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Aka keɓe gandun daji, aka hana taɓa wasu itatuwa ko da a gonar mutum suke. Bincike ya ce ba a ga hamada ba, doka kuwa ba ta koma aljihu ba. Abin mamaki, Aubréville, ɗaya daga cikin Faransawan da suka yi wannan tafiya, shi ne a 1949 ya yaɗa kalmar da yau muke fassarawa da gurgusowar hamada.

Shekarun 1950 ruwa ya yi yawa. Manoman Kurfai suka yi ta hawa arewa wajen Abala da Sanam suna share sababbin gonaki a ƙasar da a da ta makiyaya ce. Har a 1961 gwamnatin Diori ta yi doka ta ja iyakar noma ta arewa, amma ba a bi ta sosai ba. Wa zai hana mutum shuka inda ya ga hatsi yana yi? Daga nan sama ta juya. Aka yi Bandabari a 1966, sannan daga 1968 fari ya zauna, ya kai maƙura a 1973. Shanu suka zube. Aka ga Buzaye da Fulani waɗanda jiya suke da garke suna bara a bakin Yamai. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori, kuma cikin dalilan da suka bayar har da yadda aka yi da taimakon cimaka. Yaron nan na Fandu, wanda aka haifa a shekarar fara, shi ya hau mulki, ya yi alkawarin ba wanda zai sake mutuwa da yunwa a Nijar.

A nan maganar Stebbing ta farfaɗo, da sababbin lissafi. A 1975 wani masani mai suna Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, ya ce hamada ta ci kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato biyar da rabi a shekara. Wannan lissafi ya zaga duniya, aka yi ta faɗinsa a rediyo da taro kamar ƙasarmu aka auna. A wannan shekara kuma Charney, wani babban masanin iska na Amurka, ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, sai ta mai da hasken rana sama, hadari ya ƙi haɗuwa. Ma'ana mu muka kori ruwanmu da kanmu. Wasu kuma suka lissafa itacen da ake ƙonewa da wanda yake tsirowa, suka ce nan da ƴan shekaru birane irin Yamai ba za su sami na dafa tuwo ba. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi a kan hamada. Kuɗi suka fara shigowa.

To, wa ya biya kuɗin wannan magani? A nan nake so mu daɗe kaɗan.

Ran 4 ga Maris 1974, makonni kaɗan kafin juyin mulki, aka yi sabuwar dokar daji ta Nijar, kuma a kan ta Nasara aka ɗora ta. Gawo, kuka, tsamiya, giginya, goriba da wasunsu suka zama abin hukuma. Mutum ya ga gawo ya tsiro a gonarsa, ya kewaye shi da ƙaya, ya raine shi shekara goma. Ran da ya sassabe reshe don awakinsa ko don gyaran rumbu, sai ya ga mai kaki da takarda. Tara, ko a karɓe gatari, ko a daidaita a bayan rumbu. Manomi ba wawa ba ne. Da ya gane itace a gona jan magana ne, sai ya riƙa kashe shi tun yana tsiro, lokacin noman farko, ba wanda ya gani. Dokar da aka yi don tsaron itace ta koya wa mutane tsoronsa. Ga kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, babu kututture, don garmar shanu ta wuce. Hannu ɗaya yana cewa tumɓuke, ɗayan yana cin tara.

An ce Sarkin Damagaram Tanimu ma ya tsananta a kan masu saran gawo a zamaninsa. Amma shi a ƙasar yake zaune, kuma talakansa sun san amfanin gawo: yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi inuwa da rani, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi, ƙasar gindinsa ta fi ko'ina ƙarfi. Ba sai an zo daga Turai an gaya wa Bakurfaye wannan ba.

Gwamnatin Kunce ta ɗauki shuka itace da gaske. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. Samariya suka fita, ƴan lakkwal suka fita, aka yi gandun gari a ƙauyuka, aka dasa dogon yaro da turare. Wasu ayyukan sun yi kyau, kada mu ci amanar gaskiya. Layukan dogon yaro masu tare iska na kwarin Majiya, waɗanda aka fara a 1975, sun tsaya. Aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya ya farfaɗo da fako mai yawa. Inuwar da muka zauna ƙarƙashinta a Damana ma wani ne ya dasa ta. Amma da yawa daga cikin gandayen gari sun mutu, don itacen kowa ba na kowa ba ne. Wa zai ɗauko ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya zuba wa itacen da in ya girma sai ya nemi izini kafin ya taɓa shi? Aka kashe kuɗi masu yawa a wuraren renon itace da waya da motoci, akuya ta gama da sauran.

Sai 1984 ta zo, farin da ya fi na 1973 tsanani a wurare da yawa, ga Nijeriya ta rufe iyaka, har mutanen Maradi suka sa wa yunwar sunan Buhari. A watan Mayu na shekarar Kunce ya tara ma'aikata da sarakuna da masana a Maradi aka yi muhawara a kan hamada. Abin da ya fito a fili shi ne aikin da aka yi ba da talaka ba bai kai ko'ina ba. A wannan yankin na Maradi kuma wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku aka bar su, aka datse sauran, cikin shekara kaɗan sai ga itace. Aka sa masa suna sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun san shi. Bayan Kunce ya rasu a 1987 hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, masu kaki suka rage yawo, manoma suka fara ɗaukar itacen gona nasu ne. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya a shekarun 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maradi da Damagaram da kewaye, itace kamar miliyan 200. Ba a kafa wurin reno ba, ba a ja waya ba.

Su ma lissafin nan na 1975 ba su daɗe ba. Masanan jami'ar Lund ta Suwidin suka koma inda Lamprey ya auna ba su sami abin da ya faɗa ba. A 1991 Tucker da abokansa suka duba hotunan tauraron ɗan adam, suka ga bakin hamada ya sauko kudu kamar kilomita 240 daga 1980 zuwa 1984, ya kuma koma arewa kamar kilomita 110 a shekara guda da ruwa ya dawo a 1985. Ashe tafiya take da dawowa, tana bin damina. Game da dalilin farin kuwa, tun 1986 masanan Ingila suka nuna yana tafiya tare da zafin ruwan teku, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ƙarfafa wannan. Wasu binciken ma sun ce hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, ya taimaka wajen janye hadari kudu. Akuyar Bafillace da gatarin Bakurfaye aka kama, alhali babban mai laifin yana can bakin teku.

Zuwa nan tsohon Damana ya ci gardama. Amma ban yarda a tsaya nan ba, don in aka tsaya an yaudare shi.

Na farko, daji ya ragu, wannan ba ƙarya ba ne. Mutanen Nijar sun kai kamar miliyan 3 a 1960, yau sun haura miliyan 25. Saura ta ƙare, gona ba ta hutawa. Motocin itace suna sauka Yamai ta hanyar Baleyara cike da geza da sabara na kan tudu. A Fakara, tsakanin Dallol da kogin Isa, masana sun auna wani abin al'ajabi: ruwan rijiyoyi ya hau kamar mita 4 daga 1963 zuwa 2007, cikin shekarun fari. Dalili kuwa, da aka share daji ruwan sama ya daina tsayawa a inda ya sauka, sai ya gangara ya taru a tafkuna ya nutse. Mai rijiya ya ji daɗi, mai gonar da kwazazzabo ya raba biyu bai ji ba.

Na biyu, maganar zafi dabam take da maganar tafiyar rairayi. Ita an auna ta da ma'auni a tashoshi shekara da shekaru, ba daga tagar jirgi aka hango ta ba. A farkon Afrilu 2024 Kayes ta ƙasar Mali ta kai digiri 48 da rabi, cikin azumi, tsofaffi suka yi ta mutuwa a Bamako. Ruwa ya dawo tun shekarun 1990, amma ya canza hali. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka uku a Sahel tun 1982. A 2020 kogi ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ko damina za ta ƙaru ko za ta ragu nan gaba, masana ba su haɗa baki ba. A kan zafi kuwa bakinsu ɗaya. Wanda aka taɓa yi wa ƙaryar kura yana da hujjar shakka, amma shakkarsa ba ta hana kura zuwa.

Saura maganar gas da wutar rana da saurayin ya kawo. Ita ma ba sabuwa ba ce. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa tun 1969, yana ƙera tukwanen dafa ruwa da madubin girki tun Turai ba ta damu da abin ba. A shekarun 1980 aka kawo murhun ƙarfe Mai Sauƙi don rage cin itace. Aka yi ta kiran mata su koma gas, amma gas ɗin daga waje yake zuwa, butelinsa ya fi ƙarfin mai sayen itacen dala biyar kullum. A 1992 aka yi dokar kasuwannin itace na karkara, don ƙauye ya sayar da itacen dajinsa da kansa ya ci riba, maimakon mai mota daga birni ya kwashe kyauta. Wannan ya fi tara hankali. Gas kuwa bai fara shiga gidajen birni sosai ba sai da matatar mai ta Damagaram ta buɗe a 2011, kuɗinsa ya sauko. Ku lura da wannan: abin da ya rage wa dajin Yamai nauyi daga rijiyar man fetur ya fito. Duk da haka har yanzu kamar gida tara cikin goma da itace ko gawayi ko kara suke girki.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji wasu sharuɗɗan. A 2017 Bankin Duniya ya ce bayan 2019 ba zai ƙara ba da kuɗin haƙo mai da gas ba. A taron Glasgow na 2021 ƙasashe da bankuna fiye da 30 suka yi alkawarin daina sa kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas da kwal na ƙasashen waje. Ɗan Nijar hayaƙin da yake fitarwa a shekara kamar kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Mutum ɗaya cikin biyar ne yake da lantarki a ƙasar nan. Daga 1971 aka yi ta haƙar yuraniyom a Arlit, aka daɗe ana haska biranen Faransa da shi, kwal ɗin Anu Araren kuma tun 1981 ake ƙona shi, akasari don ma'adinan su sami wuta. Wanda ya ƙoshi ne yake tsara wa mai yunwa azumi.

Ba na kushe wutar rana. Da Nijeriya ta yanke mana lantarki a Agusta 2023 bayan juyin mulki, lokacin kuwa kamar kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take, tashar rana ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage wa Yamai duhu. Rana tamu ce, ba mai rufe mata iyaka. Amma ba ta dafa tuwon gidan mutum goma sha biyar da dare, kuma cikin kuɗin irin waɗannan ayyuka akwai bashin da jikokinmu za su biya. Katangar Stebbing ma ta dawo da sabon suna a 2007, Babbar Ganuwar Itatuwa daga Dakar zuwa Jibuti, kilomita 8000. Rahoton 2020 ya ce kashi 4 cikin ɗari aka cimma, kuma masu aikin da kansu sun bar zancen layi guda sun koma ga sassaben zamani da tassa da rabin wata, wato abin da manoma suke yi da hannunsu.

Da za mu tashi daga ƙarƙashin dogon yaron, tsohon ya ciro salula daga aljihu ya duba lokacin la'asar. Na ce, "Baba, ina kake sa mata wuta?" Ya ce ɗansa ya sayo masa ɗan faranti na rana a kasuwar Baleyara ran Lahadi, yana kan rufin ɗaki, har maƙwabta suna kawo nasu. Ba wanda ya yi masa taro a kai.

Saurayin ya matso ya ce, "Baba, jibi muna da zama a kan barin itace a gona. Za ka zo?"

Tsohon ya ce, "In na bar shi ya girma, na wa ne?"

Saurayin ya ce nasa ne. Ya ce an sake dokar daji a 2004, kuma ran 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta sa hannu a kan wata takarda da ta ba manomi ikon amfani da itacen da ya rena a gonarsa.

Tsohon ya ce, "Ka zo da takardar. Jikata tana zuwa karatun yaƙi da jahilci, ita za ta karanta mini."